Abin da Na Tone a Gindin Bangonmu

Lokacin da wannan abu ya same ni, ni mace ce mai jini a jika da kaifin baki, ina zaune a gidan da mahaifinmu ya bari a Nima, cikin Accra. Sana'ata sayar da kayan sanyi: sobolo, wanda 'yan Najeriya ke kira zoɓo, da fura da nono a roba, da ƙanƙara. Ina da babbar firiza a ɗan shagon da ke ƙofar gida, ita ce gonata ita ce rumbuna. Duk layinmu an san ni, ba wai don haƙuri ba. Idan mace ta zubar da ruwan wanki a ƙofarmu, kafin ruwan ya gangara kwata ta riga ta ji tarihin gidansu daga bakina. Ni ce babba a wurin babanmu, saboda haka 'yan haya ni suke gani, kuma na saba in yi magana a yi shiru. Edita, na daɗe ina karanta labaran mutane a wannan shafi ina taɓe baki, ina cewa wasu dai ba su da wayo. Yau ga nawa na kawo, ina roƙo a sakaya sunana.

'Ya ɗaya Allah ya bar mini. Kafin ita na yi ɓari ba ɗaya ba ba biyu ba, na kuma haifi namiji da bai kai suna ba. Da ta zo ta zauna, sai na zama abin dariya a unguwa saboda tsaro. Ba ta tsallaka titi sai hannunta na cikin nawa, ba ta zuwa kusa da babbar kwata ko da rani, balle in hadari ya haɗu. In ta yi tari sau biyu na rufe shago. Mahaifinta direban babbar mota ne, yana ɗauko albasa daga Nijar zuwa kasuwar Agbogbloshie, ya fi kwana a hanya a kan gida, in ya dawo ya riƙa tsokanata wai wata rana zan mayar da ita ciki in huta. Yarinya ce mai surutu irin nawa amma ba ta da zafina. Tana firamare, kuma kullum burinta in bar ta ta taya ni aikin shago.

A ɗakin ƙarshe na gidan akwai wani tsoho da muka tashi muka gani, kowa Papa yake ce masa. Mutumin wajen Volta ne, Kirista, sun yi aiki tare da babanmu a tashar jiragen ruwa tun suna samari, kuma babanmu ya ba shi ɗakin ya ce ya zauna har ƙarshen ransa. Matarsa ta rasu, ba shi da ɗa. Hausarsa a karkace take, ta fi tamu ta 'yan Zango, wato unguwannin Hausawan Gana, karkacewa, tamu ma ai ba a miƙe take ba. 'Yata yake kira amaryarsa, ita kuma ta ce ba ta auren mai giɓi, kullum ya dawo daga coci da alewa a aljihu ya ce sadaki ne. Papa yana da wata ɗabi'a. Da zarar rani ya yi nisa ƙasa ta bushe, sai ya ɗebi ruwa a bokiti ya zagaya bayan ɗakinmu, wani lungu tsakanin bangonmu da na maƙwabta, ya tsiyaye shi a gindin bango. In an tambaye shi sai ya ce lantarkin abokinsa yake ba ruwa kada ƙishi ya kama shi. Mu yi dariya mu ce tsufa ya fara taɓa Papa. Ban taɓa tsayawa na tambaye shi da gaske ba.

Babanmu mutum ne mai son a yi abu yadda ya dace. Kakansa yana cikin Hausawan da Turawa suka kawo nan aikin soja a zamanin da, ina jin tsarin bariki ne ya bi jini. Babanmu ne ya fara jawo wuta a layinmu, ya kuma sa aka yi aikin a tsanake. A jikin bangon ɗakinmu, kusa da mita, akwai wani baƙin makunni mai kauri wanda kan faɗi da kansa ya kashe wutar gidan gaba ɗaya. Shekaru yana nan ba ruwansa da kowa, sai da firizata ta tsufa ya fara faɗuwa. In tayar da shi, ya yi kwanaki, ya sake faɗuwa, ƙanƙara ta narke, fura ta yi tsami. Na tsani makunnin nan kamar mutum, har zaginsa nake yi.

Sai yarinyar ta kwanta. Zazzaɓi ne ya fara, aka ba ta maganin maleriya, ya lafa, ya dawo da ƙarfinsa. Aka ce taifot, aka canza magani, aka sake canzawa. Ta daina cin abinci, ta rame har zoben azurfar da ke yatsarta ya riƙa zamewa. Da rana tsaka sai ta kama sambatu tana cewa ga wani yaro can yana kiranta. Wannan ne ya karya ni, don na san yaron da na binne. Likita ya ce ciwon ne ya yi taurin kai, ya sa ta a kan wata allura, ya ce mu ba maganin lokaci. Limamin masallacin layinmu, dattijo mai sanyin magana, ya yi mata addu'a ya ce in riƙe Allah in riƙe maganin likita, kada in bi kowace ƙofa da aka nuna mini. Ina kallon 'yata tana ƙarewa a kan tabarma, kowa kuma cewa yake in jira. Da wani ya ce in yanke hannuna ta tashi, wallahi da na nemi wuƙa.

A wannan hali wata mai sayen ƙanƙara a wurina ta ja ni gefe ta ce anya wannan ciwon na asibiti ne. Ta kai ni wurin wata mata mai duba a Maamobi. Matar ta gama kallon fuskata, sannan ta ce akwai abin da aka binne a gidanmu, kusa da inda yarinyar ke sa kanta. Ta ce wanda ya binne ba baƙo ba ne, a cikinmu yake kwana yake tashi, kuma yana ciyar da abin lokaci-lokaci. Yanzu da nake rubutu na san wannan magana ce da za ta hau kan kowane gida a Zango. A ranar kuwa kafin ta rufe baki na ga Papa da bokitinsa.

Washegari da hantsi ta zo gidan, na kira ƙanena, tela ne, ya zo da diga yana gunaguni. Ni na kai su lungun. Bai yi nisa da tono ba gawayi ya fara fitowa baƙi ƙirin, a cakuɗe da wani abu fari-fari da ya dunƙule. Matar ta dangwala ta ɗanɗana ta tofar, ta ce gishiri ne. Sai ga kan wani jan ƙarfe a tsaye cikin ƙasa, an ɗaure masa koriyar waya a wuya, wayar ta bi gindin bango ta shige cikin ginin, daidai ɗakin da 'yata ke kwance. Ku gaya mini, wace uwa ce a Zango za ta ga gawayi da gishiri da ƙarfe a binne a bayan ɗakin 'yarta mara lafiya ta ce ba komai? Ƙanena ya dakata ya ce Yaya, wannan fa kamar wayar lantarki ce, a bari a tambayi masu aikin wuta. Matar ta yi murmushi ta ce ai nan gwanintar take, an bi ta waya ne don abin ya shiga duk inda haske ya shiga. Na ce wa ƙanena in tsoro yake ji ya ba ni adda. Ni na sare wayar da hannuna. Ƙarfen kuwa sai da muka jiƙa ramin muka yi ta girgiza shi kafin ya fito, tsawonsa ya kusa kai ni. Matar ta naɗe shi a tsumma ta ce za ta kai shi teku.

Papa ya dawo daga karɓar fansho ya tarar da tsakar gida cike da mutane, kayansa a waje. Na kira shi maye, na kira shi butulu, na ce shekara da shekaru yana zuba wa gunkinsa ruwa a gidan Musulmi muna masa dariya, ashe jinin 'yata yake jira. Da ya fahimci abin da muka tone sai fuskarsa ta canza, ya firgita ƙwarai, ni kuwa na fassara firgicin yadda nake so. Ya riƙa haɗa Hausa da Turanci da yarensu, yana cewa shi da babana suka kafa ƙarfen nan ranar da aka jawo wuta, gawayin da gishirin don ƙasa ta riƙe danshi ne, ƙarfen shi ke janye wutar da ta ɓace hanya ya kai ta ƙasa. Mutane suka yi masa ihu. Na ce ya daina sa sunan ubana a bakinsa tunda ya san wanda ke kabari ba zai tashi ya ƙaryata shi ba. Tsohon da ya ɗauke ni a kafaɗa ina yarinya ya durƙusa a gabana, ya ce ya ji zai tafi, ɗaki nawa ne, amma don girman Allah in mayar da ƙarfen. Na ce jama'a kun ji ko, har yanzu bai haƙura ba. Da zai fita ya tsaya a ƙofar ɗakinmu yana son ya leƙa amaryarsa, na tare ƙofar da jikina.

Abin da ya ƙarasa rufe mini ido shi ne yarinyar ta samu sauƙi. Cikin 'yan kwanaki zazzaɓin ya sauka, ta nemi koko da ƙosai, ta fara zama, ta fara surutu. Allurar likita ce ta kai lokacinta, amma wa zai gaya mini haka in saurara? Sannan baƙin makunnin nan ya daina faɗuwa ɗif. Ƙanƙarata ta riƙa tsayawa da ƙarfinta, ciniki ya buɗe. Na riƙa bin gidajen suna da biki ina ba da labari, ina cewa ku duba, har wutar gidan abin ya riƙe. Mahaifin yarinyar ya dawo daga tafiya ya ji abin da aka yi, ya ce shi dai bai taɓa ganin mugun abu a wurin Papa ba. Na ce ai ba ya zama a gida balle ya gani. Ita kuwa da ta tambaya ina angonta, na ce ya koma garinsu. Ta yi ta fushi wai ya tafi bai yi mata sallama ba.

Ana nan, wata rana da la'asar ina shago sai ga Papa a ƙofa. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Yana riƙe da wani dogon abu a naɗe cikin jarida, ya ɗan yaye gefe ya nuna mini: sabon jan ƙarfe, irin wancan sak. Ya ce ba sai na bar shi ya shiga ba, in kira duk mai aikin wutar da na yarda da shi, Musulmi ɗan'uwana, ya kafa. Ya ce damina ta kusa, kuma firizar nan tawa ba ta da lafiya, abin da makunnin ke ta gaya mini kenan da faɗuwarsa. Na kurma ihu na ce jama'a ku fito, ya kawo wani. Samarin layi suka taso, wani ya hankaɗa shi, ƙarfen ya faɗi ya yi ƙara a kan siminti, ya sunkuya da ƙyar ya ɗauka. 'Yata ta fito da gudu jin muryarsa, na fizgo ta na tura ta ciki. Ina jin kukanta a bayan ƙofa, shi kuma yana tafiya yana waiwaye har ya sha kwana.

Da ruwan farko ya sauka, gidan ya fara cizo. Wata 'yar haya ta ce dutsen gugarta ya ja ta har gwiwar hannu. Ni kaina in na taɓa murfin firiza da jiƙaƙƙen hannu sai in ji kamar tururuwa na bin yatsuna. Me na ce? Na ce abin da muka tone ne yake huci, yana neman hanyar dawowa. Na koma Maamobi, aka ba ni turaren hayaƙi da wani ruwa in yayyafa a kusurwoyi, na yayyafa har bayan firizar. Liman ya aiko matarsa ta ce Malam ya ji ana cewa kayan gidanmu na jan mutane, ya ce addu'a ba ta hana a kira mai gyara, in kira yau kada in kai gobe. Na ce a gaya wa Malam na gode. A raina na san mai gyara zai ce a kashe firiza a kai ta wurin aiki, ga zafi ana yi tsakanin ruwa da ruwa, ciniki na kan ganiyarsa. Na ce bari wannan mako ya wuce. Na koya wa kaina buɗe murfin da tsumma, na ce wa yarinyar kada ta kusanci firiza. Ni da ba na barinta ta tsallaka titi, iyakar tsaron da na yi mata kenan.

Ranar Asabar ce, babu makaranta. An yi ruwa mai ƙarfi da safe, kwatar layi ta tumbatsa, ruwa ya shigo shago ya kwanta. Muka share abin da muka iya, siminti dai ya rage a jiƙe. Yarinyar ta cire calewatenta, takalman robar nan, ta jingina su a bango su tsane. Rana ta fito, mutane suka fara zuwa, wata mai biki ta aiko a ba ta ƙanƙara, ga wasu a tsaye kowa na miƙo hannu. Ina ɗaure leda, bayana na wajen firiza, sai bakina ya riga hankalina, na ce wa 'yata ta miƙo mini ƙanƙara. Ni na ce. Ta daɗe tana jiran ranar da zan sa ta aiki, na ji tsallenta a cikin ruwan. Sai shiru. Ban waiwaya ba, na ce ke, ƙanƙarar kike haɗawa ne ko me? Fuskar matar da ke gabana ce ta sa na juya.

Tana tsaye, hannayenta biyu a kan ƙarfen murfin, kanta ya karkace, bakinta a buɗe ba sauti. Na cafke ta, wani abu ya doke ni a ƙirji ya watsar da ni jikin ƙofa. Na tashi na sake nufarta, mata suka riƙe ni, ina ihu a kashe wuta, a kashe wuta. Makunnin da na daɗe ina zagi yana can a tsaye bai motsa ba. Wani mai wucewa ne ya ɗauki bencin katako ya ture ta da shi, wani kuma ya ruga ya kashe wutar daga mita. Na ɗauke ta. Wanda ya san Nima ya san mota ba ta shiga lungunanmu. Na yi gudu da ita a kafaɗa cikin taɓo, ba takalmi ba mayafi, ina tsallake kwata, ina kiran sunanta, ina ce mata ga titi nan mun kusa. Na yi wa Allah alkawuran da ban san adadinsu ba. A cikin tasi na riƙa hura mata iska a baki, ina murza tafin ƙafarta, direban na ta danna hon cikin cunkoso yana cewa Hajiya yi addu'a, yi addu'a. Jikinta da ɗumi, shi ya sa na ƙi yarda. Likitan da ya karɓe ta shi ne wanda ya yi mata jinyar taifot, ya gane ta. Bai daɗe a ciki ba ya fito, ya cire tabarau, ya tambaya ina mahaifinta.

Mahaifinta na kan hanya, bai samu jana'iza ba. Ta gaban shagon nan aka wuce da ita, ni ina ɗaki mata sun danne ni. Ana zaman makoki wasu na cewa abin ne ya dawo ya ɗauki fansa, kuma Allah ya gafarta mini, har a lokacin ina so in yarda, don wannan ya fi sauƙin ɗauka. Bayan sadakar uku masu aikin lantarki suka zo duba gidan. Babbansu, wani mai furfura, ya buɗe bayan firiza ya nuna wa ƙanena inda waya ta goge ta taɓa jikin ƙarfe. Ya duba baƙin makunnin, ya bi koriyar waya da yatsa, sannan ya yi sallama a ƙofar ɗakina ya ce a yi masa afuwa, yana so ya ga inda aka kafa ƙarfen ƙasa na gidan nan. Na tashi na kai shi lungun. Ramin bai gama cikewa ba, ga guntun wayar da na sare yana leƙe.

Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. A hankali ya yi bayani. Ya ce duk kayan wuta mai jikin ƙarfe akwai waya ta uku da ke haɗe da jikinsa, duk suna taruwa su bi koriyar wayar nan zuwa ƙarfen da ke cikin ƙasa. In wuta ta zube a jikin firiza, nan take bi ta sauka, makunnin kuma ya ji wucewarta ya faɗi ya kashe komai kafin wani ya taɓa. Ya ce makunninmu irin na da ne, da ƙarfen yake ji, ranar da aka raba su ya kurmance. Wutar da ta rasa hanya sai ta zauna a jikin kayan gidan, har wani ya tsaya a jiƙaƙƙiyar ƙasa ya taɓa, ta bi ta jikinsa. Ya ce duk faɗuwar da makunnin ya yi a baya rai ya ceta, wataƙila nawa. Ya ƙara da cewa wanda ya yi aikin nan tun farko ya san abin da yake yi, har gawayi da gishiri ya sa. Ban san lokacin da na zauna a bakin ramin ba.

Ƙanena ne ya gaya mini Papa ya zo jana'iza. Ya tsaya can nesa da sahu, hularsa a hannu, ya bi su a baya har maƙabarta. Sai bayan sadakar arba'in na iya fita nemansa. Na same shi a Maamobi, a wani ɗan ɗaki bayan gidan wata 'yar cocinsu. Na shirya maganganu a hanya, da na gan shi duk suka gudu, na zube na kama ƙafarsa. Na so ya zage ni, ya tsine mini. Sai ya fashe da kuka yana cewa laifinsa ne, da ya sani da ya faki ranar da na tafi Kasuwar Malam Atta ya shiga lungun ya kafa ƙarfen ba da sanina ba, tsoron samari ne ya hana shi, shi tsohon banza. Ni na kore shi, ni na sa aka hankaɗa shi, ga shi yana neman gafarata. Ya jawo ƙarfen daga ƙarƙashin gado, har yanzu cikin jaridarsa, ya ce in tafi da shi, akwai sauran yara a gidan. Na roƙe shi ya dawo ɗakinsa, ya ce ba zai iya shiga gidan ya tarar babu mai karɓar sadaki ba. Bai ƙara shekara ba ya rasu.

Ƙarfensa ne a gindin bangonmu yanzu. An sake wayoyin gidan, an sa makunni irin na zamani, firizar kuwa na sa an fitar da ita, ban ƙara sayar da abu mai sanyi ba. Ni da mahaifin yarinyar muna tare, bai taɓa buɗe baki ya ce ni ce ba. Na san kwananta ne ya ƙare, malamai sun gaya mini kuma na yarda. Amma na san hannun da ya riƙe adda, na kuma san bakin da ya aike ta. Matar Maamobi abin da take faɗa wa kowa ta faɗa mini, ni ce na sa wa maganar suna. An gaya mini gaskiya ba sau ɗaya ba, ƙanena ya faɗa, Papa ya faɗa a durƙushe, liman ya aiko. Ban ji ba saboda tsoro ya cika ni, kuma samun wanda zan tsana ya fi mini sauƙi a kan in zauna ina jira.

'Yan'uwana mata, musamman mu na Zango da ke zaune a gidajen gado waɗanda ba mu ga gininsu ba, ina roƙonku. In kun tone ƙasa kun ga abin da ba ku gane ba, ku tambayi mai sani kafin ku je wurin mai duba. In makunni na yawan faɗuwa wani abu ne ya lalace, ku kashe ku kira mai gyara. In ƙarfe ya ja ku ko kaɗan ne, kada ku nemi tsumma kamar yadda na yi, kada ku ce bari mako ya wuce. In kuma tsoho ya durƙusa yana roƙonku abin da shi ba zai amfana da komai ba, ku tsaya ku ji shi.

Yanzu in rani ya yi nisa ni ke ɗaukar bokiti in zagaya lungun. Kwanan baya wata sabuwar 'yar haya ta gan ni ina tsiyaya ruwa a gindin bango, na ga ta ja ɗanta jikinta tana kallona ta wutsiyar ido. Na san kallon nan. Na kira ta, na tone ƙasar da yatsa na nuna mata kan ƙarfen da wayar, na gaya mata komai har abin da ba ta tambaya ba. A wurinmu mata ba sa zuwa maƙabarta. Kabarin 'yata da kwatance kawai na san shi, ban taɓa zuba masa ko kofi ɗaya na ruwa ba. Nan nake zubawa.